Kyanwarmu da gadon amarya

Mu a Gure ba mu san gida babu kyanwa ba. Ba sayenta muke yi ba, ba ma raɗa mata suna, sau da yawa ma ba mu san ranar da ta tare ba. Muna dai ajiye buhunan gero da na wake a ɗaki, ɓeraye su ji labari, ita kuma ta bi sawunsu. Tun daga nan ta zama ƴar gida, ana zuba mata sauran fura a fasasshen ƙoƙo, babu mai cewa komai.

Ranar da aka yi jere ake fara ɓatawa da ita.

Kowa ya san abin da kayan ɗaki ke ci wa uwa. Tun yarinya tana ƙarama ake zubin adashi, ƙarshe a haɗa da tumaki biyu ko uku a kai kasuwar Subdu. Katakon gadon kuwa ba a ƙasarmu yake fitowa ba, daga kudu ake kawo shi. Ko kafintocin Damagaram su haɗa, ko a sayo haɗaɗɗe daga Kano, a ɗaure a saman mota, a biyo ta Mirya da Gidimuni da Gidigir, tafiyar fiye da kilomita 150, ana ta addu'a kada madubi ya fashe. A sauke lafiya, a jera, dangi su rangaɗa guɗa. Amarya ba ta gama kunyar dangin miji ba sai ka ji ta:

"Inna, don Allah zo ki ga abin da muzurun nan ya yi mini!"

"To ke ma, wa ya ce ki bar ƙofa buɗe?"

"Da wannan zafin, Inna? In rufe ɗaki in dahu?"

Daga nan kowa sai ya kawo nasa magani. Wata ta ce tsintsiya, wata ta ce a watsa mata ruwa, wata ta ce a barbaɗa barkono a gindin gado. Maza kuma nasu gajere ne: a sa ta a buhu, a ba yaro ya kai bayan gari wajen tudun rairayi. In ta dawo an yi aikin banza, in ba ta dawo ba ɓeraye sun samu gari. Wannan na buhun ni ba na son shi ko kaɗan. Duk mun ji malamai suna karanta hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Wanda ya yar da ita inda babu ruwa babu inuwa bai yi nisa da wannan ba. Barkonon ma ku bari, akwai masu rarrafe a gidan, hannu ƙasa hannu ido.

Kyanwar da ba ta cizo ba ta yakushi sai ta Lami, ita kuwa a karin magana take zaune. Ta gidanmu dole ta yi karta, kuma ba ƙeta ba ce. Ku duƙa ku duba gindin gadon da ta ɓata, za ku tsinci wani ɗan ɓawo fari, lanƙwasasshe, mara nauyi. Tsohon kuben farcenta ne. Farcen hawa-hawa yake tsirowa, sai ta karce abu mai tauri na sama ya fita, sabo mai kaifi ya bayyana. Tafin ƙafarta kuma yana barin wani wari da mu ba ma ji, ita take ji, shi ne shaidarta cewa nan wurinta ne, shi ya sa kullum wuri ɗaya take komawa. Ga ta da son miƙa da ta tashi barci. A ƙarƙashin gado ta kwana don sanyi, me za ta fara cin karo da shi in ba ƙafar gado ba?

Iyayenmu ba su san wannan damuwa ba. Gadon ƙarfe mai rumfa suka kwanta a kai, tsakar gida ga dirkar itace, ga aduwa ko dogon yaro, ga dangar kara. Kyanwa tana da wurin karta ko'ina. Mu muka shafe tsakar gida da siminti, muka kafa rumfar kwano a kan ƙarfe, muka sare itacen don a ƙara ɗaki. Itace ɗaya ya rage a gidan, shi ne na amarya. Shi ma in ka duba da kyau, yawancin na yanzu garin katako ne aka matse aka manna masa fata mai sheƙi. Farce ɗaya ya ɗaga fatar, sauran sai ta yi ta ɓarewa da kanta, hunturu yana taya ta.

Dabarar da na ga ta ci, wajen wata dattijuwa maƙwabciyarmu na gan ta. Ta sa aka kawo mata guntun kututturen goruba daga kwari, aka kafa shi daram a bakin ƙofar ɗakin jikarta, ta naɗe shi da igiyar kaba tun daga ƙasa. Ta ce abu biyu ne sharaɗi: ya fi kyanwar tsawo in ta miƙe a kan ƙafafun baya, kada kuma ya yi motsi, don in ya girgiza sau ɗaya ba za ta ƙara yarda da shi ba. Ƙafafun gadon kuwa ta goge su da tsumma mai ɗan sabulu don warin ya fita, ta naɗe su da robar tsohuwar tayar babur, ta zuba ɓawon lemun tsami a gindi, tunda kyanwa ba ta son ƙamshinsa. Da kyanwar ta saba da kututturen aka kwance robar. Wanda bai samu goruba ba, tsohon turmin da ya tsage ma yana yi, a kifa shi kusa da inda take kwana.

Wani ɗan makaranta ya ce mana ai a ƙasashen Turawa cire farcen ake yi gaba ɗaya. Ana yi a wasu wurare, amma ba farce kawai ake cirewa ba, ƙashin ƙarshe na yatsa ake yankewa. Yarjejeniyar Turai ta 1987 kan kare dabbobin gida ta hana, jihar New York a Amurka ma ta hana a 2019. Mu da muke son ta kama ɓera, ina za mu da kyanwa mara farce? In ta saba da hannu, a ɗan rage tsinin da abin yanke farce, fari-farin kawai, kada a kai wurin jan, nan jini yake.

Inda ta riga ta karce, kada ku bi masu cewa a shafa man gyaɗa. Ƙurar Gure yake jira, kwana kaɗan wurin ya yi baƙi, ga tururuwa. A narka kakin zuma a cike layin, a bi da man goge takalmi mai launin katakon. In fatar ce ta ɗago, a manne ta da gam tun ba ta yi nisa ba.

Maganar zafi da ƙofa kuwa, Inna da amarya duka suna da gaskiya. Labule ba ya tsare kyanwa, asabari ma ta gefe take bi. Ƙofar raga ce ke raba gardamar, iska ta shiga, kyanwa da sauro su tsaya waje. Ni in da za a ji tawa, tun ranar da ake lissafin kayan ɗaki a sa kuɗinta a ciki, ko da za a rage kwanuka biyu daga jere.