Masu Sayen Gumi da Masu Sayar da Shi

Akwai wani Alhaji a layinmu da likita ya ce masa sukarinsa ya hau, hawan jini kuma na biye, don haka ya riƙa motsa jiki. Bai yi wata-wata ba ya sa aka sayo masa injin nan da mutum zai yi ta zabga sauri a kai bai bar ɗaki ba. 'Yan dako huɗu ne suka hau da shi bene, suna nishi, jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa, kuma a iya sanina su huɗun nan kaɗai injin ya taɓa sa wa gumi. Sau uku Alhaji ya hau. A na ukun aka ɗauke wuta yana tsaka da tafiya, saura ƙiris ya kifa, ya sauko ya ce wannan ishara ce. Yanzu babbar riga biyu ke rataye a hannuwan injin, hula a kan allonsa. Masallacin unguwa bai kai taku ɗari uku daga ƙofar gidansa ba, amma direba ke kai shi.

Ƙaninsa a wannan hanya shi ne mai agogon ƙirga taku. Kafin ka gama ce masa ina kwana ya riga ya murɗo hannu ya nuna maka: dubu huɗu da ɗari biyu, ko hantsi bai yi ba. Ya riƙi dubu goma kamar wata farilla, alhali lambar daga talla ta fito. A 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokyo, wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma, sunan ya yi daɗin faɗa, duniya ta ɗauka. Da masu bincike na Harvard suka bi diddigin mata tsofaffi a Amurka, sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna masu taku kusan 4,400 a rana ma sun fi masu 2,700 nisan kwana, kuma ribar ta daina ƙaruwa a wajajen 7,500. Kada ka gaya wa mutumin namu wannan, ba zai ji ba. In dare ya yi da sauran dubu biyu, a kan gado yake kwanciya ya yi ta karkaɗa hannu har lissafi ya cika. Ranar da ya hau adaidaita sahu ta hanya mai ramuka kuwa, agogon har taya shi murna yake yi.

'Yan Asabar su ma ba sa ɓuya. Da asuba sun fito cikin sababbin kambas, a hau Dutsen Dala ko a zaga fili sau biyu, a tsaya a ɗauki hoto don a ɗora a WhatsApp, daga nan sai teburin mai shayi: Indomie biyu, ƙwai uku, shayi mai kauri har cokali na neman tsayuwa. Ban cika yi musu dariya ba, don Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki a mako ta ce babba ya samu aƙalla, kuma wanda ya tara nasa a kwana biyu ba a banza ya yi ba. Mai shayin dai ya fi kowa cin riba.

Ɗan ƙarfe kuwa a bayan gida yake da tasa masana'antar. Gwangwanin madara biyu, an cika su da siminti, an soka bututun ruwa a tsakiya, an jingina fasasshen madubi a bango. Ƙirji kamar faifai, ƙafafu kamar sillen kara, don ba a ganin ƙafa a cikin wando. Yana tafe hannuwa a buɗe kamar mai maruru a hammata. Amma mahaifiyarsa ta ce ya ɗauko mata buhun gero daga zaure, sai ya ce, "Umma, yau ranar hutun tsoka ce."

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai kafa hujja da kakansa. "Kakana ya shekara casa'in, bai san wani motsa jiki ba!" Gaskiya ne, bai san sunan ba. Amma da fartanya ya wayi gari, a ƙafa ya ci kasuwannin ƙauye, kuma nasa kakan yana cikin fataken da ke takawa har Gwanja su ɗauko goro. Jikan yana faɗar wannan ne a kan bencin majalisa inda ya dasa zama tun la'asar, ga shi ya aiki yaro ya sayo masa ruwan leda a shagon da ke kallonsa. Labarinsa ke tuna mini da binciken Jeremy Morris a Landan, wanda aka buga a 1953. Ya kwatanta direbobin bas mai hawa biyu da kwandastocinsu: mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune wuni guda, kwandasta na hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Kakan kwandasta ne, jikan ko direban bai kai ba, fasinja ne.

Kada kuma a ce duk mai gumi ya tsira. Dubi mai garuwa da kurarsa: jarka goma sha biyu, kowace lita 25, kilo 300 ke nan ban da nauyin kurar, yana turawa a cikin yashi da ranar Afrilu. In motsi kaɗai ne magani, da shi zai binne mu duka. Amma masu bincike a Denmark sun daɗe suna nuna cewa aikin ƙarfi na wuni guda ba ya yi wa zuciya amfanin da motsin ganin dama ke yi, saboda babu hutu a cikinsa, babu kuma ranar da jiki zai farfaɗo. Ka tambayi mai garuwar bayansa da gwiwarsa ka sha labari. Na taɓa ganin wani ɗan Asabar ya wuce shi da gudu-gudu. Mai garuwar ya tsaya, ya share goshi da gefen riga, ya bi shi da kallo, ya ce da ni, "Malam, wannan wa ya biyo shi?"

Sai Inna, yayar mahaifina. Ta haura saba'in, tana shara a duƙe, tana wanki a tsugune, ta tashi daga tabarma ba ta dafa komai ba, abin da ni ba na iyawa sai na yi salati. Barka, suna, gaisuwar rasuwa, dubiya, duk a ƙafa, in ka tare mata adaidaita ta ce kuɗin ka ba ta ta sayi goro. 'Ya'yanta sun taɓa ɗaukar mata 'yar aiki suka ce ta huta. Wata biyu gwiwoyi suka sanƙare, ta sallami yarinyar da turmin atamfa, ta karɓe tsintsiyarta. Surukarta kuwa kuɗi take biya duk wata a gidan motsa jiki na mata, a koya mata tsugunawa da miƙewa.

Ni ma, in faɗi gaskiya, ina da agogon. Rannan na je gaishe ta, ta ga ina kai da kawowa a tsakar gida, ta ce lafiya? Na ce taku nake cikawa, Inna, saura dubu uku. Ta ce ina za ka? Na ce ba ko'ina. Ta ce wa ya aike ka? Na ce babu. Ta yi shiru tana dubana kamar mai tunanin malamin da za a kai ni wurinsa, sannan ta miƙo mini ƙwaryar dawa ta ce injin niƙan Ƙofar Mata ya fi na unguwa laushi, kuma in na dawo akwai guga a bakin rijiya.