Gaisuwar Gwiwar Hannu

Dokar kullen da aka sa a Kano cikin watan Afrilun 2020 ta ba mu wuya, ba musu. Azumi a cikin gida, Kantin Kwari a rufe, Sallah ta zo babu hawa. Amma aljihuna ya samu hutu: babu biki, babu suna, babu anko. Duk wanda ya bugo waya zai zo, sai in ce, "Ai ka san hali, gwamnati ta hana," in ajiye waya in yi hamdala.

Ashe tara mini ake yi. Ana janye dokar a watan Yuli, duk auren da aka ɗaga ya taso a lokaci guda. Sunaye kuwa daga baya suka biyo, don ba kowa ne ya yi zaman banza a kulle ba. Da aka buɗe makarantu a Oktoba, wandon makarantar babban ɗana ya tsaya a ƙwauri, tela kuma ya ce in bi layi.

Ana cikin haka uwargida ta ce, "Malam, rabonmu da gidan Baba fa tun kafin azumi." Muka shirya. Na ɗaura takunkumi, don har lokacin ni kaɗai na rage a layinmu mai bin dokar korona.

Mun tarar da Baba a zaure da abokansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya miƙo mini hannu. Ni kuwa, ɗan boko, sai na miƙa masa gwiwar hannu yadda ake nunawa a talabijin.

Baba ya ƙura mata ido. "Subhanallahi, me ya samu hannun?"

Wa zai buɗe baki ya ce wa surukinsa yana gudun hannunsa? Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan ciwo ne, Baba."

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Dattijon da ke gefensa mai ɗori ne. Ya kama hannuna, ya latsa nan, ya latsa can, ya ce targaɗe ne, har ya fara kwana. Kafin in ce wani abu mutum biyu sun danne mini kafaɗa. Ya tofa, ya shafa man shanu, ya ce bismillahi, ya finciko. Ihun da na yi sai da takunkumin ya faɗo.

"Alhamdulillahi, ya koma," in ji shi. Na biya kuɗin aiki, na yi godiya, Baba yana ta sa masa albarka.

A cikin adaidaita uwargida ta yi dariya har da hawaye, ni kuma ina rungume da hannun da yanzu yake ciwo da gaske. Washegari Baba ya aiko ƙaninta ya duba ni, da saƙon cewa in shirya, mai ɗori zai zo ranar Juma'a ya sake ja.