Ledar Caja

Kusan kowane gida a Damagaram, daga Birni har Zango, akwai wata leda rataye a ƙusa, cike da wayoyin caja da suka mutu tun zamanin Nokia mai tocila. Ka kuskura ka taɓa ta, Hajiya ta ɗago kai: "Kai, ajiye min! Wata rana za su yi rana."

Tarayyar Turai ta gaji da tarkace, ta tilasta caja iri ɗaya, USB-C, daga ƙarshen 2024. Mu kuwa sai Kasuwar Dole, wajen mai gyara. Ya feƙe kan wannan da haƙori, ya haɗa da jelar waccan, ya naɗe da salatif, ya ce in ta fara ci kada kowa ya yi tari kusa da ita.

Waɗanda suka gagari gyara, 'yan gwangwan ke ƙona robar, su zare jan ƙarfen su sayar a kilo. Kuɗin nasu ne, hayaƙin na unguwa. Sarki Tanimun, wanda aka ƙera wa igwa a garin nan, da ya san yawan jan ƙarfen da ke kwance a ɗakunanmu, da tuni dogarai sun yi sallama.