Yadda Za Ka Rataya Wa Manhajarka Kwandon Sayayya

Ka gina manhaja, ka jera hotunan shadda da atamfa da turaren wuta, kowa ya shiga ya ce tubarkalla, ya fita hannu rabbana. Malam, kwando ne babu. Kada ka zauna ka ce sai ka saƙa naka tun daga tushe, wasu sun riga sun sha wannan wahalar, sun ajiye maka laburare.

Idan da React ka yi ginin, wato wanda Facebook ya saki a 2013, akwai use-shopping-cart da aka ƙera don aiki da kamfanin biyan kuɗi na Stripe. Akwai Snipcart ga mai son a haɗa masa komai ya biya kuɗin hidima. Kafin ka ɗauko kowane laburare daga npm, duba ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe, ka kuma duba jerin waɗansu laburaren da yake jingine da su. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye ɗan ƙaramin aikinsa mai suna left-pad, layi 11 kacal, sai ga dubban manyan ayyuka a duniya sun ƙi haɗuwa. Saboda haka a yi bincike kamar za a ba da aure.

Shi laburare ɗan dako ne irin na Kantin Kwari. Zai ɗauki kaya, ya riƙe adadinsu, ya bi mai saye duk lungun da ya shiga. Amma ba a taɓa jin mai shago ya bar ɗan dako ya yanke farashi ba, kuma a nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Duk abin da ke cikin burauzar mai saye, a hannun mai saye yake. Yaron da ya iya latsa F12 zai iya mayar da shaddar naira 80,000 ta koma naira 80, ya biya cikin natsuwa, har ya kira ka ya tambayi yaushe kayansa za su iso. Don haka kwandon ya aika abu biyu kawai zuwa uwar garke: lambar kaya da yawansa. Uwar garke ce za ta buɗe rumbun bayanai, ta duba farashin gaskiya, ta yi lissafi, ta tabbatar kayan suna nan ba su ƙare ba. Ka kuma hana ta karɓar adadin da bai kai ɗaya ba. Akwai mai rubuta -3 a gurbin yawan kaya, idan ba ka toshe ƙofar ba sai lissafi ya nuna kai ne ake bi bashi.

Sai batun kobo, wanda kasuwa ta manta da shi amma kwamfuta ba ta manta ba. Ka tambayi JavaScript 0.1 a tara da 0.2, amsar da zai ba ka ita ce 0.30000000000000004. Wannan jelar idan ta shiga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, za ka kwana kana neman inda kuɗi ya maƙale. Ka ajiye kowane farashi a matsayin kobo, cikakkiyar lamba, sai lokacin nunawa ka raba da 100. Kamfanin biyan kuɗi na Paystack ma a kobo yake karɓa. Ka aika masa 5000 da nufin naira 5,000, shi kuwa naira 50 zai cira, mai saye ya yi ta sa maka albarka. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku sefa ba a raba ta a Stripe, kada ku ƙara sifili biyu ku kori abokin ciniki.

Ka sa kwandon ya riƙa ajiye kansa a localStorage, domin wuta tana ɗaukewa, data tana ƙarewa, kuma wanda ya dawo ya tarar da kwando fayau ba zai sake zaɓe ba.

Ka fito da kwandon fili, da 'yar lamba a kansa mai ƙaruwa duk lokacin da aka jefa abu. Lokacin da Sylvan Goldman ya kawo keken sayayya a shagunansa na Oklahoma a 1937, mutane ƙin taɓawa suka yi, sai da ya ɗauki hayar maza da mata suna zagaya shago suna turawa. Kai ba ka da kuɗin hayar kowa, to maɓallin kwandon ya yi girman da babban yatsa zai same shi a wayar da gilashinta ya tsage. Binciken cibiyar Baymard ya nuna kusan kwando bakwai cikin goma yasar da su ake yi ba a biya ba, kuma babban dalili shi ne kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe. Faɗi kuɗin aike tun da wuri. Kada kuma ka tilasta wa mai son kwalbar turare ɗaya ya yi rajista kamar mai neman fasfo.

Maɓallin biya, da zarar an latsa shi sau ɗaya, ka kulle shi. Idan intanet ya yi nauyi mutum zai latsa sau uku, a cire masa sau uku, kuma ba zai zo maka da fara'a ba. Hoton alat ba shaida ba ne. Bari uwar garke ta tambayi kamfanin biyan kuɗin da kanta kafin ka ɗaure kaya. Mabuɗinka na sirri, mai farawa da sk, ya zauna can wurinta, kada ya leƙa burauza ko da wasa.

Kafin ka buɗe shago, sa mabuɗan gwaji, ka miƙa wayar ga ƙaninka mai latse-latsen nan, ka ce ya yi ƙoƙarin sayen shadda kyauta. Idan ya dawo yana gunaguni ya kasa, sai ka sa mabuɗan gaske.