Ku Bar Aljanu Su Huta, Ku Leƙa Bayan Talabijin

Jama'a, yau maganar sauti za mu yi, kuma daga Tenhiya za mu ɗauko ta. E, Tenhiya dai da ke arewa da Tanut, ƙasar rijiyoyi da raƙuma. Ɗan'uwana na Damagaram, na hango ka kana dariya ƙasa-ƙasa. Kai kuma na Kano har ka buɗe baki za ka tambaya ko a doron raƙumi ake kafa farantin tauraron ɗan'adam. Ku gama dariyarku a tsanake, ba sauri muke ba. In kun gama, kowa ya waiga falonsa: ga talabijin ta zamani a bango, ga amfilifaya a ƙasa, ga sifikoki biyar an jera kusurwa-kusurwa, amma har yau muryar daga cikin talabijin take fitowa, siririya, sifikokin kuma sun zama wurin ajiye hula. Ashe ciwon namu ɗaya ne.

"To wa ma ke da irin wannan kaya a Damargu?" Haba malam! Tun kafin a san mota, ayarin Kano zuwa Tarabulus ta Damagaram da Damargu da Azbin yake bi. Yau ma babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas ta Tanut ta ratsa. Samarinmu da ke dawowa daga Libiya da Aljeriya, da waɗanda suka je neman zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, ba da hannu biyu suke shigowa gida ba. Inda layin NIGELEC bai kai ba, rana ta kai, farantin sola kuma ba ya tambayar sunan gari. Man da janaretanka ke sha a Damagaram, yallaɓai, a ƙasar Tanut ake tace shi, a matatar SORAZ da aka buɗe a 2011. Kai kuwa na Kano, kada mu buɗe babin wutar lantarki, mu rufa wa juna asiri.

Sai ga Alhaji daga kan tabarma: "Ni ban ga abin wahala ba, muryar talabijin ta ishe ni." Ranka ya daɗe, ta ishe ka domin kai kaɗai ne a ɗaki, ga shiru, ga butar shayi. Fito da ita rumfa ranar kokawar takobi, Télé Sahel na nunawa kai tsaye, mutum talatin sun kewaye ta, kowa na da gwaninsa, sannan ka gaya mini ko ka ji kalangu. Masu ƙera talabijin sun yi ta rage mata kauri har ba su bar wa sifika wuri ba. Abin da ke ciki ƙananan sifikoki ne guda biyu, galibi wat goma-goma ko ƙasa da haka, kuma fuskarsu na kallon ƙasa ko bango. Sauti mai nauyi sai an tura iska da yawa, ƙaramar sifika kuwa ba ta da wannan ƙirjin.

Yanzu bari mu zo kan babban baƙonmu, injiniyan unguwa. Kowane gari da nasa, daga Belbeji har Tanut. Ba ya tambaya, ba ya karanta takarda, yana zuwa da kebul mai kai ja da fari a aljihu. Ya soka a bayan talabijin, ya soka a amfilifaya, ya murɗa ƙara har ƙarshe: shiru. Sai ya girgiza kai ya yanke hukunci: "Kayan nan jabu ne." In mai gida ya ce ai sabo ne a kwali, sai a koma kan iska: "To ɗakin nan dai a yi masa hayaƙi." Ɗan'uwa, haska fitilar wayarka ka karanta abin da aka rubuta a gefen kafar da ka soka. IN aka rubuta. Ƙofar shiga ce. An yi ta ne domin sauti ya shigo daga dikoda ko na'urar faifai, ba domin ya fita ba. Ka haɗa ƙofar shiga da ƙofar shiga, kana jiran baƙo ya fito.

Ga asalin rikicin. A da, hoto da murya daga waje suke zuwa: daga dikoda ko faifai su shiga amfilifaya, ita ta riƙe muryar, ta miƙa wa talabijin hoto. Talabijin ta zamani ta juya lissafin. YouTube a cikinta yake, fim ɗin da ka turo a filas a jikinta ka soka shi, ke nan a cikinta muryar ke tashi, kuma dole a sama mata hanyar komawa amfilifaya. Kebul ɗin HDMI, da ya fito a ƙarshen 2002, da farko hanya ɗaya yake kai sauti. Kamar motar kaya ce da ke tasowa daga Damagaram cike da buhuna ranar kasuwa, ta sauke, ta koma wayam. A 2009 aka fito da HDMI 1.4, aka ƙara masa abin da ake kira ARC, wato aka ba motar izinin komawa da lodi. Kebul ɗaya, hoto ya je, murya ta dawo. A 2017 kuma HDMI 2.1 ya zo da eARC, mai ɗaukar sauti mafi nauyi irin su Dolby TrueHD.

"To ai na soka HDMI ɗin, bai yi ba!" Sannu da ƙoƙari. A wace kafa? Talabijin na iya zuwa da kafofin HDMI uku ko huɗu, amma galibi ɗaya tak ce aka rubuta wa ARC ko eARC a gefe. Ita za ka nema. A bayan amfilifaya kuma ba cikin jerin kafofin shiga za ka soka ba, wadda aka rubuta wa OUT za ka nema, ita ma da ARC a jikinta. In ɗaya daga cikin na'urorin biyu ba ta da wannan rubutu, kada ka wahalar da kanka, ko kebul ɗin zinariya ka sayo ba zai yi ba.

Ka soka daidai, har yanzu shiru? Saura gaisuwa. Akwai wani tsari mai suna CEC da ke sa na'urorin biyu su san da zaman juna, kuma ARC ba ya aiki sai an kunna shi a ɓangarorin biyu. Abin haushin, kowane kamfani ya raɗa masa nasa suna: Samsung na ce masa Anynet+, LG na ce masa SimpLink, Sony na ce masa Bravia Sync, Panasonic na ce masa Viera Link, Philips kuma EasyLink. Kunna shi a talabijin, kunna shi a amfilifaya. Daga nan shiga saitin sauti na talabijin, ka sauya mafitar murya daga sifikar ciki zuwa amfilifaya, ita kuma amfilifayar ka zaɓar mata mashigar TV. In suka yi taurin kai, zare su duka daga wuta, ka ba su minti ɗaya, ka mayar. Sau da yawa wannan kaɗai ke sasanta su. Ka ga har yanzu ba mu sayi turaren hayaƙi ba.

Kawu kuma ya ɗaga hannu: "Tawa amfilifayar ta girmi HDMI." Allah ya ƙara mata lafiya, kawu, ba a yar da tsoho. Duba ko tana da wata ƙaramar kafa mai murfi da aka rubuta wa OPTICAL. Wannan kebul ɗin haske ne, kamfanin Toshiba ya fito da shi tun 1983. In ka soka shi a talabijin za ka ga jan haske a ɗaya bakin. Cire 'yan hulunan roba da ke kan bakunansa kafin ka soka, domin an sha ganin gwanaye suna dannawa da hular a kai har su fasa kafar. Kada ka lanƙwasa shi, kada ka ɗaure shi tamau. Yana ɗaukar sautin sifika biyu, yana ɗaukar Dolby Digital na sifika biyar da babbar mai gurnani. Illarsa ɗaya: rimot ɗin talabijin ba lalle ya riƙa rage maka ƙara ba, sai ka riƙe rimot biyu, ka ƙara zama babban mutum.

In kuwa amfilifayar ja da fari kaɗai ta sani, irin ta masu kiɗan biki, akwai ɗan akwati da bai kai tafin hannu ba, mai karɓar kebul ɗin haske ya fitar da ja da fari, wutarsa ma daga kafar USB ta talabijin yake sha. Amma ku saurara da kyau, domin a nan ne aljanu suka fi shan zargi. Yawancin waɗannan akwatuna ba su san Dolby ba. In talabijin ta turo musu shi, abin da za ka ji ƙara ce mai tsaga kunne, "shaaa", ko kuma shiru. Shiga saitin sauti, ka nemo inda ake zaɓen nau'in sautin da ke fita, ka mayar da shi PCM. Haruffa uku ne, amma sun raba faɗa tsakanin mai saye da mai shago fiye da yadda kuke zato. Haka nan in fim ɗaya ne daga filas ya ƙi magana alhali sauran na yi, kada a zagi mai turawa da iyayensa. Wataƙila sautin fim ɗin DTS ne, kuma talabijin ɗin Samsung da aka ƙera daga 2018 ba sa karanta shi.

Ga ɗan zamani nan yana taɓe baki: "Duk wannan wahalar kebul ta mece ce? Bluetooth mana!" To, ɗan gari, bismilla. Don waƙa, ko wa'azin da ba kallon bakin malam kake ba, babu laifi. Amma Bluetooth na jinkirta murya kaɗan, sai ka ga jarumin fim ya rufe baki maganarsa na nan tafe, ko ƙwallo ta shiga raga mai sharhi bai sani ba tukuna. Saitin jinkirta sauti da ke cikin amfilifaya yana gyara muryar da ta riga hoto ne. Wadda ta makara kuwa, ƙara mata jinkiri ba zai sa ta iso da wuri ba.

Sai mai ƙorafi na gaba: "An cuce ni, sifikokin baya ba sa magana." Ba a cuce ka ba, Alhaji. Yawancin abin da muke kallo, daga fina-finan Kano zuwa fassarar Indiya da shirye-shiryen YouTube, da sautin sifika biyu aka haɗa su, hagu da dama. Abin da ba a zuba ba ba ya fitowa. In kana son duka su yi aiki, amfilifaya na da maɓallin da ke raba sauti biyun ga sifikoki duka, ko tsarin Dolby Pro Logic. Danna shi, kuɗinka su yi magana.

Yanzu a ajiye wasa kaɗan, domin wannan ɓangaren shi ke ƙona dukiya. Wutarmu a Nijar bolt 220 ce. Amfilifaya ta hannu da aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 take sha, kuma da yawansu ba sa sauyawa da kansu. Karanta rubutun da ke kusa da igiyar wutarta kafin ka soka. In 120 kaɗai ka gani, sai da taransifoma mai rage wuta. In kunne ya ji, jiki ya tsira. In bai ji ba, hanci zai ji ƙauri.

Masu sola kuma, ga lissafi. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da wutar da za ta ba da wat 1,200 na awa ɗaya, amma in irin na ruwa ne ko na jel, rabi ya kamata ka ci in kana son ya yi ƙarko. Saura 600. In talabijin da dikoda da amfilifaya suka haɗu suna jan wat 200, awa uku ke nan, kafin inbata ta cire nata ladan. Wasan ƙwallo ɗaya zai wuce lafiya. In aka je ƙarin lokaci da bugun fanareti bayan an sha fim tun magariba, kada a zargi alƙalin wasa in allo ya yi baƙi. In kuma kana jin wani gurnani "zuuu" a sifika ko da an rage ƙara, sau da yawa inbata mai araha ce, wadda wutarta ba ta fita sumul. Araha ba ta ado.

Hajiya, ke ma ga naki. Mun san ƙurar hunturu ba ta da kunya, kuma mun ga kyallen da kika yi wa amfilifaya ado da shi. A rufe ta in an kashe, a buɗe ta in an kunna. Ramukan da ke samanta na fitar da zafi ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in aka toshe su za ta kashe kanta a tsakiyar kallo, maigida kuma ya ce yara ne suka taɓa.

In komai ya kankama, murya ta cika gida, a tuna maƙwabci bai sa hannu a sayen ba, kuma liman na da lasifikarsa da ya kamata a ji in lokacin salla ya yi.

Saboda haka, mutanen Tenhiya da Belbeji da Tanut, har da ku masu dariya na Damagaram da Kano: kafin ku miƙa wa mai shago ko jaka ɗaya, ku ɗauki hoton bayan talabijin ɗinku da waya, ku je da shi kasuwa, ku gwada da bayan amfilifayar. ARC da ARC, ko kafar haske da kafar haske. In babu ko ɗaya, a haɗa da ɗan akwatin nan, a sa PCM, a duba bolt. Wanda ya bi wannan duka bai ji murya ba, ya duba ko ya kunna amfilifayar.