Garkuwar da Aikinta Ƙonewa

A wasan Kerbal Space Program, tun daga 2015, kumbon da zai dawo ƙasa akan ɗaura masa garkuwa mai wani sinadari da ake kira Ablator. Aikinsa ya ƙone, ya zube, ya tafi da zafin, matuƙi ya tsira. Samarin Jos gani suke tatsuniyar kwamfuta ce.

To, 'yan Kasuwar Katako ku saurara. Kumbunan FSW da ƙasar Sin ta fara dawo da su a 1975, da katako mai tauri aka yi musu garkuwa. Mutum ya sayi kaya, ya ƙone su da gangan, gobe ya dawo neman wasu. Alhaji, ina ka taɓa ganin ciniki irin wannan? Ku kuna nan kuna rigima da kafinta kan gara.