Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Rautar Gidanmu

Malama Rauta,
Saman Kabad ɗin Zaure,
Ƙofar Mata, Kano.

Da fatan ke da fitilunki masu ƙyafta ido kuna lafiya. Ƙararki na kawo, kuma wurinki na kawo ta, don Mai Unguwa ya ce ba huruminsa ba ne.

Ranar da aka ɗauko ki daga Farm Centre, ce mana aka yi daga yau Hajiya za ta riƙa kiran Kawu a Kumasi ta intanet, babu mai ƙirga mata minti. Mun yi murna, mu da muka ga lokacin da wayar NITEL mai lamba 064 sai gidan wane da wane, muka kuma ga shigowar salula a 2001, sa'ad da ko sallama kawai ka yi sai an caje ka kuɗin minti cur. Aka ja waya zuwa kwamfuta, aka sa miki lambar sirri, aka sayo wa Hajiya abin saƙalawa a kunne.

Ashe ba ki iya gaisuwa ba.

Yaron da ya haɗa ki ya yi mini bayani. Wai muryar Hajiya gunduwa-gunduwa ake yi da ita, kowace kamar ta milisakan 20, ki riƙa turawa ɗaya bayan ɗaya. Masana kuma sun ce in jinkirin isarta ya haura milisakan 150, hira ta fara tangarɗa. To ki duba. Hajiya ta ce, "Yaya, ina kwana?" Shiru. Ta zaci bai ji ba, ta wuce "ina gajiya", sai ga "lafiya lau" ɗinsa ta faɗo a tsakiya. Kafin a kai ga tambayar iyali, dattijo ya tabbata ƙanwarsa katse shi take yi. Yanzu haka fushi yake, wai Kano ta lalace.

Na bincika, laifin naki ne. Kowa ya zo layi kike sa shi, ba babba ba yaro. Jikoki na tsakar gida suna kallon Labarina a YouTube, muryar kakarsu na tsaye bayan fim tana jiran a ba ta hanya. Shi fim ai yana tara guzuri kafin ya fara. Murya kuwa ba turmin yadi ba ce da maƙwabtanmu marina za su tsoma a ruwan baba su yi ta jira, kamar yadda aka ce suna yi a karofin nan tun 1498. An ce a cikin saitinki akwai wurin da ake fifita murya kan sauran kaya. Don me kika ɓoye shi can ƙurya, da Turanci kuma?

Sai batun katanga. Ginin ƙasa ne, kakanninmu ba su yi shawara da ke ba. Zangonki na gigahaz 5 ko soro na biyu ba ya kaiwa, na 2.4 ne ke ɗan lallaɓawa ya leƙa ɗakin Hajiya, in ta tsaya a bakin ƙofa. Na ɗauke wuta ban ɗora miki ba.

Kada ki ga kamar ba a iya rabuwa da ke. Skype ma tun 2003 yake tashe, a watan Mayun 2025 aka rufe shi. Na ba ki zuwa Juma'a: ko ki sa Hajiya a gaban layi, ko in mayar da ke Farm Centre a canzo mini fanka mai caji.

Naki,
Mai sayen data.